Ɗan yayana yana so ya bi sawun De La Hoya, wani ya zo zai kai shi Legas: me kuka gani?

Tela Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san damben boksin, ni tela ne, ba harkata ba ce.

Ɗan yayana marigayi yana hannuna tun yana firamare. Yanzu shekararsa 17, yana ajin ƙarshe a sakandare, da yamma kuma yana taya ni a shago, shi ke guga da sa maɓalli. Tun bara waccan ya kama boksin, kuma ba kamun wasa ya yi masa ba. Ana sallame sallar asuba zai ɗaura takalmi ya yi gudu har wajen filin wasa na Karkanda, ya dawo ya watsa ruwa ya wuce makaranta. A bayan gida ya rataye tsohon buhun shinkafa a reshen darbejiya, ya cika shi da yashi da ƙyallayen da nake sharewa a shago. Da ragowar yadi yake naɗe hannu, ni da kaina na yanka masa dogaye guda biyu na kalmashe bakinsu a keke don kada su zare. Ban taɓa hana shi ba, tunda abin ya raba shi da zaman majalisa, ko sigari ba ya sha.

Wayarsa cike take da bidiyon mutum ɗaya, tsohon ɗan boksin ɗin Amurka Oscar De La Hoya. Kullum zancen ke nan: "Baffa, shi ma ɗan talakawa ne, iyayensa baƙi ne daga Meziko, yana shekara 19 ya fara damben kuɗi, yana 21 ya ɗauki kambun duniya."

To makon jiya wani mutum ya zo shago, ya ce ya ga yaron wajen atisaye, hannunsa ya burge shi. Yana so da an gama jarrabawa ya tafi da shi Legas, ya yi masa lasisin ƙwararru, ya fara sa shi wasannin turmi huɗu. Ya ambaci kuɗin da zai ba mu tun kafin tafiya, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɗin zai biya mini hayar shago ta shekara har da saura. Wanda ke koya wa yaron a fili ya ce kada mu yarda, a bar shi a damben 'yan dagaji, wanda ba na kuɗi ba, ya ƙara gogewa. Mahaifiyarsa ta ce duk abin da na yanke shi ke nan, wannan kuwa ya ƙara mini nauyi.

Tambayata ita ce, shi wannan De La Hoya da gaske haka ya taso kamar yadda yaron ke faɗa? Kuma damben 'yan dagajin nan da ba a samun ko sisi, mene ne amfaninsa in yaro ya riga ya iya naushi?

Tsohon Koci, Daura:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ka ladan riƙon maraya. Ni malamin motsa jiki ne a sakandare har na yi ritaya, na kuma riƙe yara 'yan boksin a nan Daura. De La Hoya mutum ne da na bi wasanninsa tun daga Olamfik ɗin 1992, saboda haka zan iya ba ka labarinsa.

Yaronka bai yi maka ƙarya ba, amma daga tsakiya ya ɗauko zancen. An haifi Oscar ranar 4 ga Fabrairu 1973 a gabashin Los Angeles, unguwar da 'yan asalin Meziko suka fi yawa. Talakawa ne, haka ne. Sai dai dambe gadon gidansu ne: kakansa Vicente ya yi damben 'yan dagaji, mahaifinsa Joel ya yi na kuɗi a shekarun 1960. Yana shekara shida aka sa masa safa aka tura shi cikin igiya. Ka lissafa da kanka, daga shida zuwa 19 shekara 13 ke nan yana dambe ba a biyansa. A tsakanin nan ya yi wasa sama da 200, faɗuwarsa kuma ba ta kai goma ba. Ka tambayi yaronka wasa nawa ya yi wanda aka hau sikeli, aka zaunar da alƙalai, aka ɗaga hannun wani a ƙarshe. Ba gwajin yamma da abokan atisaye nake nufi ba.

Yana shekara 17, daidai shekarun yaronka, ya ci zinare a gasar Goodwill ta 1990 a Seattle. A watan Oktoba na wannan shekarar mahaifiyarsa Cecilia ta rasu da cutar dajin mama, bayan ta nuna masa burinta shi ne ya ciwo zinaren Olamfik. Nan ne wurin da nake so ka lura, domin ya yi kama da halin da kuke ciki. Yaro ne da ya riga ya yi suna, gidan ba kuɗi, uwa ta rasu, masu shirya damben kuɗi suna nan da yawa a garinsu. Da ya tsallaka damben kuɗi a lokacin ba wanda zai ga laifinsa. Ya zauna ya ƙara shekara biyu. A 1991 ma ya je gasar duniya ta 'yan dagaji a Sydney ta Ostareliya, wani Bajamushe Marco Rudolph ya fitar da shi. Wannan faɗuwar ba ta rage masa komai a takarda ba, darasi kawai ta ba shi. Da a damben kuɗi ne, faɗuwa ɗaya a farkon tafiya tana karya farashin yaro, ta kuma bi shi a takarda har ya daina.

A Barcelona wasa biyar ya yi a ajin kilo 60. Ya fara da ɗan Burazil, na biyu kuwa namu ne, Moses Odion na Najeriya, ya ci shi da maki 16 da 4. Sai ɗan Bulgeriya, sai ɗan Koriya ta Kudu Hong Sung-sik a kusa da na ƙarshe, inda Oscar ya sha da ƙyar, 11 da 10. A wasan ƙarshe Allah ya sake haɗa shi da Rudolph ɗin nan, ya kai shi ƙasa da hagu a turmi na uku, aka tashi 7 da 2. Shi kaɗai ne ɗan boksin ɗin Amurka da ya ci zinare a wannan gasar, ya zagaya cikin igiya da tuta biyu, ta Amurka da ta Meziko. Daga nan sunan Golden Boy, wato yaron zinare, ya bi shi. A wannan gasar dai mu ma mun samo azurfa biyu a manyan aji, David Izonritei da Richard Igbineghu, dukansu 'yan Kyuba ne suka tare su a wasan ƙarshe. Lokacin muna da boksin a ƙasar nan.

In ka ga ƙananan lambobi irin 7 da 2 kada su ba ka mamaki. A shekarar ne aka fara ƙirga maki da kwamfuta a Olamfik, saboda zaluncin da alƙalai suka yi wa ɗan boksin ɗin Amurka Roy Jones a Olamfik ɗin Seoul a 1988. Alƙalai biyar, kowa da maɓalli a gabansa, naushi ba ya shiga lissafi sai uku daga cikinsu sun danna cikin daƙiƙa guda. Turmi uku ne kacal, minti uku-uku. Wanda ya taso a irin wannan dole ya koyi naushi mai tsabta da kowa zai gani, ya koyi shiga da fita ba a taɓa shi ba, ya koyi karanta baƙon da bai taɓa gani ba cikin minti ɗaya, don gobe wani daban za a ba shi, jibi ma wani. Yau dogo, gobe bahago, jibi mai rungume-rungume. Buhu ba ya koyar da wannan, kuma shi ne amsar tambayarka ta biyu. Iya naushi shi ne abu mafi sauƙi a boksin. Na riƙe yara da yawa da in suka daki matashin da ke hannuna sai na ji har kafaɗa, amma ranar da aka haɗa su da wanda ƙafarsa ke aiki, sai ka ga suna dukan iska, kafin turmi na biyu ya ƙare baki ya buɗe, hannu ya sauka kan ƙugu.

Ka ce wa yaron ya sake kallon bidiyon, ya bar kallon inda mutum ya faɗi, ya kalli hannun hagun Oscar. Shi bahago ne na haihuwa, amma aka koya masa tsayuwar masu dama, ƙafar hagu da hannun hagu a gaba. Kamar ka ce ɗan damben gargajiya ne ya ɗaure zare a hannun da yake garkuwa da shi, mashin ya dawo gaba kusa da fuskar abokin karo. Shi ya sa ɗan naushin nan na gaba da wasu ke auna tazara da shi, nasa yana fasa fuska, in kuma ya lanƙwaso shi sai mutum ya zauna. Shekaru aka ɗauka ana gina wannan hannun, a lokacin da kuskure ba ya cin kuɗi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ranar 23 ga Nuwamba 1992 ya yi wasansa na farko na kuɗi, da wani Lamar Williams, bai cika minti biyu ba ya gama da shi. Tun kafin ya jefa naushi ɗaya an riga an sa hannu da shi kan kuɗi masu yawa, saboda zinaren nan. Wanda ya zuba kuɗi a kan yaro ba zai bari a fasa masa shi ba, don haka zaɓar masa abokan karo ake yi, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan tauri, kowane da abin da ake so ya koya a jikinsa. A 1993 kaɗai wasa tara ya yi, har da Jeff Mayweather, baffan shahararren ɗan boksin Floyd Mayweather. Duk da zaɓen nan an kai shi ƙasa a wasu wasanninsa na farko, ya tashi ya ci. A wasa na 12, watan Maris 1994, ya karɓe kambun WBO, ɗaya daga cikin hukumomin boksin na duniya, na kilo 59 daga hannun Jimmi Bredahl ɗan Denmak. Kambun da yaronka ke faɗa ke nan.

A kowane wasan turmi huɗu mutum biyu ne ke hawa: wanda ake ginawa, da wanda aka kawo don a gina wani da shi. Yaro ɗan shekara 17 daga Katsina, ba lambar yabo, ba masu sayen tikiti dominsa a Legas, ba wanda ya san sunansa, wanne kake tsammani za a mai da shi a cikin biyun? Ban san mutumin da ya zo maka ba, ba na kuma zarginsa da mugunta. Amma na ga yaran da aka ɗauka a haka, aka haɗa su da ƙartin da suka girme su da shekara goma, suka dawo da faɗuwa huɗu ko biyar a takarda da haƙori a aljihu. Ra'ayina ɗaya da na mai koyar da shi: kada ka sa hannu.

Mai Son Dambe, Mai'adua:

Baba Koci, Allah ya ƙara girma, kun yi bayani mai kyau, amma ku yi haƙuri ina da ja a wuri biyu.

Na farko, hanyar da kuke nuna wa yaron ta Amurka ce. Can in ka ci zinare akwai masu jiranka da biro da takarda. Mu nan fa? Rabon Najeriya da lambar boksin a Olamfik tun tagullar Duncan Dokiwari a Atlanta a 1996. Yaro zai yi ta gudun asuba yana jiran gasar wasanni ta ƙasa, a ɗage, a sake ɗagewa, in an je ma kuɗin motar dawowa sai an yi rigima. Kafin ya farga ya kai 25 ba sana'a ba suna. A gidan damben gargajiya kuwa, in ka yi kisa a daren nan za ka ga abinka a hannu, masu liƙi su liƙa maka, mai kalangu ya kama sunanka. In yaron yana da hannu da zuciya, ni da a ƙasar nan zai gwada, kusa da gida inda Baffansa ke ganinsa.

Na biyu, shi De La Hoyan ma ni bai cika mini ido ba. Ku tuna wasansa da Félix Trinidad a Satumban 1999, dukansu ba wanda aka taɓa ci, shi nasara 31, Trinidad 35. Ya yi wasa mai kyau har turmi na tara, sannan ya kama zagaye fili yana gudu har aka tashi. A wajenmu wanda ya yi haka ko kallonsa ba za a sake yi ba. Kuma a watan Fabrairu na wannan shekarar, Ike Quartey na Gana ya kai shi ƙasa a turmi na shida, ni a idona Quartey ne ya ci wasan nan, sunan Golden Boy ne ya cece shi. Su kansu 'yan Meziko ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba kamar yadda suka ɗauki gwarzon boksin ɗinsu Julio César Chávez. Har a Los Angeles, garinsu, an sha yi masa ihu.

Maman Hassana, ma'aikaciyar jinya:

Malam Tela, ni ba dambe na sani ba, kan da aka daka na sani, don na yi aiki a sashen gaggawa.

Tunda ana zancen De La Hoya, akwai abin da ya faru a daren wani wasansa da ya kamata yaron ya ji. Ranar 6 ga Mayu 1995 a Las Vegas ya doke Rafael Ruelas a turmi na biyu. Kafin su hau, ɗan'uwan Rafael ɗin, Gabriel Ruelas, ya kara da wani ɗan Kolombiya mai suna Jimmy Garcia. An tsayar da wasan a turmi na 11, Garcia ya yanke jiki, aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, bayan kwana 13 ya rasu yana shekara 23. Wannan a garin da likitoci ke zaune a bakin igiya, motar asibiti tana jira a waje. A watan Maris na 2025 ma ɗan Najeriya Segun Olanrewaju ya faɗi ana tsakiyar wasa a Accra, bai tashi ba.

Jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai ba ya nuna kansa nan take. Yaro zai iya sauka yana dariya, ya ci abinci, bayan awa biyu ya fara amai ko barci mai nauyi. Don Allah ko atisaye ya je, in ya dawo yana ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko gani biyu-biyu, ko maganarsa ta sauya, kada a ba shi Panadol a ce ya kwanta, a kai shi asibiti a lokacin. Kuma wanda ya taɓa suma da naushi ba ya komawa a dake shi sai likita ya sallame shi. Ko me kuka yanke, ka tambayi mahaifiyarsa ra'ayinta na gaskiya ku biyu kaɗai. Sau da yawa "duk abin da ka yanke" kunya ce.

Tela Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, maganarki ta shige ni, zan zauna da mahaifiyarsa yau da dare.

Baba Koci, na tambaye shi kamar yadda kuka ce. Wasan da aka yi masa da alƙalai ba su kai yatsun hannu biyu ba, duk a nan cikin jiha. Na karanta masa abin da kuka rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce a tambaye ku ko gaskiya ne De La Hoya ya samu dala miliyan 52 a wasa ɗaya. Akwai kuma abin da na manta ban faɗa ba. Mutumin ya ce kafin tafiya yaron ya rage kilo huɗu don ya shiga ajin da yake so, tun daga ranar kuwa ya rage cin tuwo, yana gudu da rigar leda a ƙarƙashin riga. Wannan daidai ne?

Tsohon Koci, Daura:

Malam Tela, rigar ledar nan ka karɓe ta yau, kada ka bari sai gobe. Ruwan jikinsa yake zubarwa ba ƙiba ba, a zafin Katsina kuma, ga shi yaro ne da ƙashinsa bai gama girma ba. Jikin da ruwa ya ƙare masa shi ne naushi ya fi yi wa illa a kai, Hajiya za ta gaya maka. Yaro mai tasowa aji yake hawa, ba a matse shi a mai da shi baya. Shi Oscar daga kilo 59 ya fara, ya bi jikinsa a hankali: 61, sai 63 da rabi inda ya doke Chávez a watan Yunin 1996, sai 67 inda ya karɓe kambu daga Pernell Whitaker a 1997, sai 70, har 72 da rabi a 2004. Aji shida, kambu a kowanne.

Ka nuna wa yaron wasansa na ƙarshe, na ranar 6 ga Disamba 2008 da Manny Pacquiao ɗan Filifin. Yana shekara 35 ya matse kansa ya koma ajin kilo 67 da rabonsa da shi tun 2001. Kowa cewa yake ya fi ƙarfin Pacquiao, tunda shi daga ƙananan aji ya taso. Da aka hau, ƙafa ba ta motsi, hagun nan da na gaya maka ba ya fita, ido ya kumbura. Bayan turmi na takwas yana zaune a kan kujera aka ce ya isa, bai musa ba. A watan Afrilun 2009 ya ajiye safa da nasara 39, faɗuwa shida, 30 daga cikin nasarorin ba a kai ƙarshe ba. Can sama ma da ya hau ajin da ya fi ƙarfin jikinsa, Bernard Hopkins ya sa masa hagu ɗaya a hanta a turmi na tara a 2004, ya durƙusa yana dukan dandamali da safa, yana so ya tashi jiki ya ƙi. Nauyi ba abin wasa ba ne, ko ta sama ko ta ƙasa.

Maganar dala miliyan 52 gaskiya ce, abin da aka ruwaito ke nan a wasansa da Floyd Mayweather na 5 ga Mayu 2007, wanda gidaje kusan miliyan 2.4 suka biya suka kalla a talabijin. Kuma faɗuwa ya yi a wasan. Ka gaya wa yaron dalilin da ya sa wanda ya faɗi ya fi wanda ya ci samun kuɗi a daren: shi ne mutane suka biya don su gani, kuma tun 2002 ya kafa kamfaninsa na shirya wasa, Golden Boy Promotions, ya daina zama hajar wani. Wannan yana buƙatar mutum ya iya karanta kwantiragi, shi kuwa sai da ya gama sakandarensa a 1991 kafin ya tafi Olamfik. Kuɗin ma ba su hana shi shiga bala'in shaye-shaye ba, da bakinsa ya faɗa, har ya kwanta gidan gyaran hali a 2011 da 2013. Wannan ma yana cikin labarin.

Ɗana na Mai'adua, maganarka ta 1996 haka take, kuma tana yi mini ciwo fiye da yadda take yi maka. Amma ba zinare kaɗai ake nema a can ba. Samuel Peter ɗan Najeriya ya je Olamfik ɗin Sydney a 2000 bai samo lamba ba, a 2008 ya zama zakaran duniya na hukumar boksin ta WBC a ajin manya, a ƙasar Meziko ma ya karɓi kambun. Quartey ɗin da kake yabo sai da ya wakilci Gana a Seoul a 1988 kafin ya shiga na kuɗi. Damben gargajiya namu ne, ina zuwa kallo, ba na raina shi. Sai dai sana'a ce daban, tsayuwa daban, hannu ɗaya ke duka, yaron kuma ba ita ya ce yana so ba.

Wasan Quartey ka manta turmi na 12. Dukansu sun faɗi a na shida, amma a na ƙarshe Oscar ya fito ya sake kai shi ƙasa, ya matse shi a kusurwa yana zuba masa hannu har ƙarfinsa ya ƙare. Wasa ne na kusa, alƙalai ma sun rabu biyu da ɗaya, amma matsoraci ba ya yin abin da ya yi a wannan turmin. Na Trinidad kuwa ina tare da kai rabi. Ni har gobe Oscar nake ba wasan. Sai dai 'yan kusurwarsa sun gaya masa ya riga ya ci, ya kiyaye kansa kawai, shi kuma ya yarda, don a tarbiyyar 'yan dagaji in kana gaba da maki tsare abinka kake yi har a kaɗa ƙararrawa. Alƙalan damben kuɗi turmi-turmi suke bayarwa, suna kuma son wanda ke matsowa gaba. Ɗaya ya ba da canjaras, biyu suka ba Trinidad. Abin da ya gina shi, shi ne ya cuce shi a daren, shi ya sa ko yaron da ya ƙoshi da damben 'yan dagaji sai an sake koya masa wasu abubuwa kafin ya tsallaka.

Zancen 'yan Meziko kuma, laifinsa a wajensu shi ne ya fasa wa gwarzonsu fuska. Chávez ya shigo wasan 1996 da nasara 96, faɗuwa ɗaya, canjaras ɗaya. Tun turmin farko girarsa ta tsage, a na huɗu jini ya rufe masa fuska likita ya ce a tsaya. Suka ce tsautsayi ne, aka sake a 1998, Chávez bai fito turmi na tara ba. Fernando Vargas, shi ma ɗan asalin Meziko haifaffen Kalifoniya, ya yi shekaru yana cewa Oscar ba namiji ba ne, ba ɗan Meziko na gaske ba ne. Suka haɗu a Satumban 2002, Oscar ya tsayar da shi a turmi na 11, daga baya gwaji ya nuna Vargas ya sha maganin ƙara ƙarfi. A ƙarshen shekarar Oscar ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Meziko, ya haɗa biyu.

Malam Tela, in mutumin ya dawo, ka ce ya ba ka kwantiragin a rubuce ka kai wa lauya ya karanta, ka ga shekara nawa zai riƙe yaron da kason da zai riƙa cira. Ka tambaye shi ko shi kansa yana da lasisin hukumar damben ƙwararru ta ƙasa, da sunayen yaran da ya riƙe a baya da inda suke yanzu, da wanda zai biya asibiti in an ji ciwo. Ka kuma gaya masa yaron bai kai 18 ba, ba inda za shi sai ya gama jarrabawa ya kuma wakilci jiha ko da sau ɗaya. Mai koyar da shi ya nema masa wasanni a Kano da Kaduna, inda zai haɗu da hannun da bai saba da shi ba. In kun shigo Daura wata Asabar ka zo mini da shi da safe, ya taho da takalminsa da ƙyallayen hannunsa, ina so in ga ƙafarsa.